Jita a Gonar Dawa

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye tsakanin Minjibir da Ɗanbatta, da damina kuma manomi ne kamar kowa. Gidanmu gidan karatu ne. Kakana ya karantar, mahaifina ya karantar, Baffana ƙanin mahaifina shi ke jan salla a masallacin unguwarmu har yau. A zuriyarmu ba a taɓa samun wanda ya rataya ko kalangu ba, balle abu mai tsirkiya. Shi ya sa da jita ta faɗo hannuna, ina da furfura a gemu, na rasa inda zan sa ta, na rasa inda zan sa kaina.

Wani ɗan bautar ƙasa ne ya bar min ita. Daga kudu aka turo shi makarantarmu yana koyar da Turanci, aka ba shi ɗaki a bayan ofishin hedimasta. In an tashi yakan zauna a bakin ƙofa yana kaɗawa, ni kuma sai in tsaya a gindin darbejiya ina yi kamar mai jiran babur. Ashe ya daɗe da gane ni. Ranar da zai tafi iyayen yara suka haɗa masa buhun gyaɗa, direban motar Kano ya ce ko gyaɗa ko jita, biyun ba za su zauna a cinyarsa ba. Ya dubi wannan ya dubi waccan, ya zaɓi gyaɗa. Ya miƙo min jitar ta taga, ya karɓi wayata ya sa ni a wani zauren hira na waya na masu koyon jita da Hausa, ya ce can zan sami malamai fiye da yadda nake buƙata.

A buhun taki na kai ta gida. Maiɗakina ta tambayi ko mene ne, na ce kayan makaranta ne. Ta buɗe, ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni ko bin gidajen biki zan fara. Ta ce ita malami aka ba ta aure, ba maroƙi ba. Ba ta hana ni ba, amma ta ce in yi a inda maƙwabta ba za su ji ba, kuma duk wanda ya san ƙauyenmu ya san babu wannan wurin. Katangarmu ita ce katangar maƙwabci. In ka yi atishawa a ɗakinka, daga gida na uku ake yi maka addu'a.

Da na yi sallama a zauren na faɗi ko ni wane ne, sai maraba ta dinga zubowa kamar na dawo daga Makka. Akwai ɗalibai daga cikin Kano, da direban tanka da kullum yake wani gari daban, da wani tela a Damagaram wanda ba ya rasa shawara a kan komai, da wata dattijuwa a Jos da ta yi ritaya daga koyar da yara kiɗa. Ita kowa ɗana take ce masa, har ni da nake ganin ba ta ba ni shekaru masu yawa ba. Suka ce in turo hoton jitar. Na tura. Dattijuwar ta tambaya a hankali ko na san tsirkiya ɗaya ba ta nan. Ban sani ba. Na zaci haka ake ƙera ta, da gurbi guda a buɗe, kamar wushirya.

Telan ya ce kada in wahalar da kaina, in je wurin mai gyaran babur in karɓi tsohuwar wayar birki, in zare sili ɗaya in ɗaura, haka masu gurmi suke yi a garinsu. Dattijuwar ta ce in yi haƙuri in shiga Sabon Gari in sayi ta gaske. Mai gyaran babur ya fi Sabon Gari kusa, don haka na bi telan. Da na ɗaura na kaɗa, ƙarar da ta fito irin ta ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba ce, a ta biyu kuma ta tsinke ta zane min bayan hannu. Da aka yi albashi na shiga Kano na yi abin da aka faɗa min tun farko. Dattijuwar ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta turo min bidiyon hannunta tana murɗa kunnuwan jita, ta ce in dinga sauraro da kyau, in kuma kawar da fuskata in ina ɗaurewa.

Sai kuma ciwon yatsu. Ni da nake riƙe fartanya tun ina yaro, tafin hannuna kamar ƙirgi, ashe bakin yatsuna na jarirai ne. Kwana kaɗan da fara danna tsirkiya ko maɓallin riga ba na iya sawa. Na kai kuka zaure. Direban ya ce in tsoma su a ruwan gishiri mai ɗumi. Wani ɗalibi ya ce in shafa alif ɗin da ake tace ruwa da shi. Telan ya rantse babu abin da ya kai lalle, ya ce shi ya ƙarfafa nasa. Ban ɗauki darasi daga wayar birki ba. Maiɗakina da kanta ta kwaɓa lallen, kuma ban taɓa ganin ta taimaka min da wani aiki cikin fara'a irin ta ranar ba. Ta ƙunsa min yatsun hagu da kyau, har da leda. Washegari na shiga aji ina nuna lissafi a allo da jajayen yatsu, 'yan matan aji suna rufe baki da hijabi. Hedimasta ya kira ni gefe ya ce in biki ake yi a gidanmu ai ya kamata a sanar da malamai. Yatsun kuwa ba su fasa ciwo ba.

Dattijuwar ta bari kowa ya gama, sannan ta turo saƙon murya. Ta ce babu magani sai yi. In yanke farce, in yi kaɗan kullum maimakon in yi da yawa rana ɗaya, in na ji zafi ya yi yawa in ajiye, kanta za ta fito da kanta. Ta ce in danna kusa da 'yan ƙarafan da ke jere a wuyan jitar, ba a tsakiyarsu ba, kuma ba sai na shaƙe wuyan jitar kamar wanda ya kama ɓarawo ba. Game da gudu kuwa ta ce, “Ɗana, ka kaɗa a hankali har sai ka ji kunyar kanka, sannan ka ƙara ragewa. Kuma in ka fara kada ka tsaya, ko ka yi kuskure, ko me ya faru. Ƙafarka ta ci gaba da buga ƙasa.”

Matsalar wuri ita ta rage. A gida ba dama, ga kuma sabis da sai ka hau katanga ka ɗaga waya sama. Da aka ba mu dogon hutu dawa ta riga ta wuce tsawon mutum, ina zagaya gonata wata rana sai na ji wayata tana ta ƙara a aljihu. Kusa da wani suri ne a tsakiyar gonar. Saƙonnin da suka maƙale duk suka shigo a lokaci guda. Na duba gabas na duba yamma, ba na ganin komai sai kara da ganye. Daga ranar, in rana ta take kowa ya koma gida hutawa, sai in saɓa buhun taki kamar mai zuwa zuba taki, in shige cikin dawa, in jingina waya a jikin surin in yi ta fama. Ban yi lissafin cewa daga gefen gonar akwai wata tsohuwar tsamiya ba, kuma ta gindinta ne hanyar ƙafa ta bi, wadda mata ke bi zuwa kasuwar maƙwabta.

A lokacin kamu biyu kawai na iya, wato yadda ake jera yatsu a danne tsirkiyoyi a tare. Kowanne shi kaɗai ina iya fitar da shi. Tashi daga wannan zuwa wancan ne ya gagare ni. In na zo wurin sai yatsuna su rikice, in tsaya, in jera su ɗaya-ɗaya, in sake daga farko. Haka nake yi har inuwa ta karkata.

Wata rana ina tsakar gida ina shan fura, sai ga wata tsohuwa da duk gari ke ce wa Inna, mai sayar da daddawa, ta yi sallama ta zauna tana haki. Ta ce da maiɗakina ta zo ne a kan gonarmu. Ta ce ta ji da kunnenta, ba labari aka ba ta ba, da tsakar rana, kiɗa na fitowa daga cikin dawa daidai tsamiyar nan. Ba ganga ba ce, ba garaya ba ce, wani abu ne mai kama da kuka. Abin da ya tabbatar mata ba mutum ba ne, in ji ta, shi ne kiɗan ba ya ƙarewa. Zai taho, ya taho, ya zo wuri ɗaya ya tsaya cak, ya koma farko. Ta ce ɗan Adam ba ya haka, wannan sai mutanen ɓoye.

Na ji ludayi ya yi min nauyi. Maiɗakina ta dube ni, ta dubi Inna, ta ce Allah ya tsare mu, ta tashi da sauri ta shiga madafa. Daga inda nake ina ganin kafaɗunta suna rawa. Da Inna ta tafi ta fito tana share hawaye, ta ce in je in faɗa wa Baffa tun abin bai yi nisa ba. Na ce gobe.

Na kai maganar zaure. Telan ya ce jita ta haifi jita-jita, kuma a ganinsa wannan alheri ne, tunda yanzu ba mai damuna, ko masu satar ɗanyar dawa ba za su shiga ba. Direban ya ce in ƙara da ɗan gurnani. Dattijuwar ta ce in je in gaya wa babban gidanmu gaskiya, tsoro ba abin wasa ba ne ga tsofaffi. Sannan ta ƙara da cewa wannan Inna tana da kunne, domin abin da ta faɗa shi ne matsalata daidai. Ta ce in bar sauran duka, in yi ta maimaita tashin nan kaɗai, daga wannan kamu zuwa wancan, ba kaɗawa ma, har yatsun su san hanya. Rabin shawarar na ɗauka, rabin da ya shafi yatsu.

Kafin a ci kasuwa biyu magana ta cika gari. Mata suka bar hanyar tsamiya suka koma zagaye ta titi, tafiyar da ta ninka. Wani ya ce ya hango abin da idonsa, fari ne mai dogon wuya, yana shiga dawa. Ina da farar riga, jita kuma tana da dogon wuya. Mutane suka dinga tare ni a hanya suna min jaje. Wani dattijo ya ba ni shawarar in bar wa mutanen ɓoyen amfanin bana, in sun ci sun ƙoshi za su tashi. Bayan sallar la'asar Baffa ya tsayar da ni a ƙofar masallaci ya tambaya ko na ga wani abu a gonata. Na ce duk shigar da nake yi ban taɓa ganin kowa ba sai ni. Ya gyaɗa kai, ya ce in riƙe azkar.

Al'adar zauren ce a ƙarshen wata kowane mai koyo ya turo abin da ya iya. Na ƙudura in ɗauki nawa, in tura, daga nan in wuce gidan Baffa in warware masa komai. Na shiga gona, na jingina waya, na danna ɗauka, na fara a hankali ƙafata tana buga ƙasa. Na zo wurin da nake tsayawa, sai na ji na wuce. Yatsun suka tafi da kansu suka sauka inda ya kamata. Na zagayo na sake wucewa. Wani daɗi ya kama ni irin wanda na manta da shi tun ranar da na fara tuƙa keke ba a riƙe min ba.

A cikin haka na fara jin karatu. Muryoyin maza ne, ƙasa-ƙasa, daga wajen tsamiya, ga kuma kara yana motsi. Na gane muryar Baffa. Duk mai hankali zai ajiye jita ya miƙe. Amma an ce min in na fara kada in tsaya ko me ya faru, kuma yau ne kawai abin ya taɓa yi min. Na ci gaba. Karatu yana matsowa yana ƙara ƙarfi, ni ma ban san lokacin da na ƙara ƙarfi ba. Ganye ya buɗe, Baffa ya fito da carbi a hannu, bayansa ladaninmu riƙe da buta cike da ruwan tofi. Ladan idonsa a rufe yake gam. Bai tsaya ganin komai ba ya watsa ruwan iya ƙarfinsa, ya same ni a fuska da ƙirji, sauran ya shige cikin ramin jita. Nan na tsaya.

Ladan ya buɗe ido ɗaya, ya buɗe ɗayan, kunya ta lulluɓe shi.

Baffa ya ce, “Kai ne?”

Na ce, “Ni ne, Baffa.”

“Tun farko?”

“Tun farko.”

Ya dubi buhun taki, ya dubi wayar da ke jikin suri, ya dubi jitar. Ya ce in kaɗa masa abin da nake kaɗawa. Na zazzage ruwan, na kaɗa, na zo wurin nan na tsaya cak kamar yadda Inna ta faɗa. Ya saurara har na kai ƙarshe da ƙyar. Sannan ya ce, “Wannan ne ya hana mata zuwa kasuwa?”

Na sunkuyar da kai ina jiran wa'azi. Ya ce maganar tsirkiya malamai sun yi ta da tsawo, kuma shi ba zai buɗe ta a kan suri da tsakar rana ba, in ina so in same shi a gida. Abin da ba shi da saɓani shi ne tsorata mutane. Ya ce in bi gida-gida in faɗa da bakina, in fara da Inna, kuma daga yau in zan yi in yi a zauren gidana inda kowa zai ga mai yi. Ya juya zai tafi, ya waiwayo ya ce su ma waɗancan bayin Allah, mutanen ɓoye, an ɗora musu abin da ba su yi ba, kuma da ya ji kiɗan ya tabbata an zalunce su. Ladan ya bi bayansa da butarsa, yana ta ba ni haƙurin riga.

Sai da suka ɓace na tuna wayar tana ɗauka. Na saurara, komai ya shiga, har ƙarar ruwan. Na yi niyyar yankewa, ban san yadda ake yi ba, sai na tura shi haka. Ranar zauren bai yi maganar jita ba. Direban ya ce sai da ya gangara gefen titi ya kashe mota. Telan ya turo saƙon murya ba kalma ko ɗaya a ciki, dariya ce kawai da tari. Dattijuwar ma ta yi tata, amma da ta gama sai ta ce ta lura na wuce wurin nan lafiya lau, kuma ƙafata ba ta saɓa ba har ruwa ya sauka, wannan shi ne ake nema. Ta ce na ɗan ƙara gudu da karatun ya matso, in kula. In goge jitar da busasshen tsumma, in kife ta a inuwa, kada in kuskura in shanya ta a rana. Ta ce in gaishe mata da Baffa da kyau.

Zagayen gidaje ya ci min kwanaki. Wasu suka yi dariya, wasu suka ɓata rai, wanda ya ga fari mai dogon wuya ya ce shi dama ya yi zargi. Inna kuwa ta ƙi yarda. Ta ce in kawo abin ta gani. Na kawo, na zauna a kan turmi a tsakar gidanta na kaɗa, jikokinta da surukanta sun kewaye ni. Ta karkata kai ta saurara, ta ce lalle wannan ta sha jin sa, mai tsayawa a hanya, wannan nawa ne. Amma akwai ranar da take dawowa daga kasuwa da wuri, kafin ta daina bin hanyar, ta ji wani kiɗa na ɗan lokaci mai daɗin gaske, har ta sauke tallanta ta tsaya. Ta ce wancan ba ni ba ne.

Na ce mata ina gonar a ranar, kuma ba kowa sai ni. Ta ce kada in ɗauki abin da ba nawa ba, yanzu ta ji iyakacin abin da na iya. Na sake kaɗawa don in nuna mata, ya fi na farko muni. Ta ce to ka gani.

A duk garinmu wannan ne kawai yabon da kiɗana ya taɓa samu, kuma ba ni aka ba ba. Yanzu a zauren gidana nake yi bayan la'asar, ƙofa a buɗe. Kamu biyun nan yanzu sun ɗan ƙaru. In Baffa ya zo wucewa nakan ɗora tafin hannu a kan tsirkiya har ya yi nisa, shi kuma yakan amsa gaisuwata ba tare da ya kalli cinyata ba. Sauran mata sun koma bin hanyar tsamiya tun kafin a yanke dawar. Inna har yau ta titi take zagayawa.